Katangar Da Ta Tsage A Barnawa

Ku da kuke cika gidan kallon nan na unguwar Television kowace Asabar, kuna ihu a kan 'yan wasan Turai kamar ku kuka haife su, ina jin abin da kuke faɗa in na zo wucewa. Wai aikin koci ba komai ba ne illa tsayuwa a bakin layi da hannu a aljihu, wai ko ku aka ba usur za ku iya. Ran nan ma wani a cikinku, mai askin nan da ya bar gashi a tsakiyar kai kamar zakara, ya tare ni ya ce, "Baba Yohanna, tsaron baya ai ba fasaha ba ce. In ta zo ka doke ta waje, shi ke nan." To, ku gyara zama. Ni ban taɓa horar da Bature ba, ban taɓa hawa jirgi ba, amma na tsufa ina koya wa samari yadda ake tare ƙwallo, kuma da idona na ga yadda taku ɗaya da mutum ya ƙi yi ya cinye wa makaranta guda filinta.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a shi ne ɗinkin raga. A ƙungiyar wata masaƙa da ke Kakuri na fara, lokacin masaƙu suna aiki, in an busa jiniyar tashi titi ya cika da kekuna. Kocinmu wani tsoho ne gajere, Baba Luka, mutumin Filato, mai murya kamar an ja kujerar ƙarfe a kan siminti. Na je masa da gwiwata da ta lalace, na ce tun da wasa ya gagare ni ina so in koyi horarwa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo mini allurar buhu da zare, ya nuna mini ragar da ɓeraye suka yi wa fata-fata. Damina ta zo ta wuce ina ɗinki, ina ɗibar ruwa, ina hura wa ƙwallo iska da famfon keke, ina zuba toka a layi. Usur ɗinsa ko taɓawa ban yi ba.

Amma ina kallo. Baba Luka yana da wata igiyar rijiya da yake ɗaure 'yan bayansa huɗu a ƙugu da ita, ya bar tazara tsakanin kowane biyu, ya ce su yi wasa a haka. Wanda ya yi gaba shi kaɗai, igiya ta fizge shi. Wanda ya yi barci a baya, 'yan uwansa su ja shi ƙasa. Sai sun yi ta faɗuwa suna zagin juna kafin su gane cewa su huɗun nan mutum ɗaya ne. In ya zo koyar da katanga kuwa, wato jeren nan da ake yi a gaban mai bugun tazara, sai ya jiƙa ƙwallon fata a bokiti har ta yi nauyi, ya jera mu, ya ɗauko wanda ya fi kowa ƙarfin ƙafa ya ce ya narka mana. Wanda ya juya baya ko ya kau da kai, an sake. Ni da gwiwata marar lafiya ma bai bar ni ba, ya ce wanda bai san zafinta ba ba shi da bakin sa wani ya tsaya mata.

Da masaƙa ta rufe, kowa ya kama gabansa. Ni na sami aiki a wata kwaleji a wajen Trikania, ba zan faɗi sunanta ba, waɗanda suka sani sun sani. Filin da na tarar ba fili ba ne, jeji ne. Ciyawa ta kai ƙirji, tsakiyarsa da gidan tururuwa, gefe guda masu gyaran mota suna zubar da baƙin mai. Ni da ɗalibai muka sare shi da adda, muka kwashe duwatsu a kwando, muka cike ramuka da jar ƙasa. Kayan aikina tayoyin babur ne da na roƙo wurin masu faci, da su nake alamar wurin tsayuwa, sai igiya irin ta Baba Luka, sai wasu mutum-mutumi na katako da wani kafinta ya sassaƙa mini don masu koyon bugu. Ku da kuke ganin ciyawa koriya shar a talabijin, ba ku san cewa wani ne ke tashi ya kori awaki kafin a fara atisaye ba.

Masu ba ka wahala a wannan aiki kuma ba 'yan wasa ba ne. Uwa ce za ta zo ta ce ta turo ɗanta karatu ba karya ƙafa ba. Malami ne zai tsare ka a bakin ofis ya ce ɗan ƙanwarsa ya iya ƙwallo, yaron da ko gudu bai iya ba sai ya riƙe wando. Sai 'yan kallo irinku, waɗanda in an ci wasa su ce yara sun yi ƙoƙari, in an sha kashi su ce koci ya tsufa. Duk na iya da su. Shekaru da yawa ƙungiyata ba ta cika zira ƙwallaye ba, amma a kudancin kogin nan kowa ya san cewa shiga ragarmu sai an yi gumi.

Bari in gaya muku yadda ake kafa katanga, tun da kun ce ba fasaha ba ce. In alƙali ya busa bugun tazara kusa da gida, waɗanda za su tsaya a katanga ba sa ganin raga, don bayansu take. Mutum ɗaya ne a duniya yake ganin ƙwallo da turken raga a layi ɗaya, shi ne gola. Zai manna kafaɗarsa da turken da ya fi kusa da ƙwallon, ya saita ido, ya yi wa mutumin ƙarshe na katangar tsawa: matsa dama, ƙara, tsaya. Sai mutumin nan ya rufe turken da jikinsa sauran su manne masa, shi kuma gola ya koma ya tsare ɗaya ɓangaren. An raba raga biyu ke nan, rabi na katanga, rabi na gola. Kuma duk wannan a cikin ɗan lokacin da mai bugu yake gyara ƙwallo yana ja da baya za a yi shi, cikin ihun jama'a. Ba wurin sallama ba ne, ba wurin don Allah ba ne. Gola ya kira suna da ƙarfi, wanda aka kira ya matsa ba tare da ya tambayi dalili ba.

Shekarar da abin ya lalace, an kawo mana sabuwar shugabar kwaleji. Ba zan yi mata ƙarya ba, mace ce mai aiki. Ta zagaya ta ga 'yan mata ɗalibai suna cunkushe a ɗakunan haya a cikin unguwa, wasu sai sun yi doguwar tafiya kafin su zo aji, ta ce za ta gina musu ɗakin kwana, kuma babu sauran wuri a makarantar sai filina. Oga Terna, malamin da ke kula da wasanni, shi ya je ya yi ta roƙo. A ƙarshe ta ce to, ga gasar kwalejoji tana zuwa. In ƙungiyar ta fito daga rukuninta ta shiga zagaye na gaba, za ta nemi wani wuri ta yi gininta ko da a wajen makaranta ne. In ba ta fito ba, a kawo katafila. Wasa uku ne a rukunin. Na ce na yarda, don na san bayan da nake da shi.

Kyaftin ɗina a shekarar shi ne Bitrus. Ba yaro ba ne. Malamin firamare ne da ya dawo ƙaro karatu, yana da mata da 'ya'ya, shi ne shugaban matasa a cocinsu, dogo, mai faɗin ƙirji, in ya tare ɗan gaba sai ka ji kamar an rufe ƙofa. Ban taɓa samun mai karɓe ƙwallo da tsabta kamarsa ba, kuma ba ya zagi, ba ya makara. Yara suna ganin girmansa fiye da yadda suke ganin nawa. In faɗa ya tashi a tsakaninsu, gidansa ake zuwa a sasanta.

Golana kuma Dogara ne, ɗan shekarar farko, siriri, mai hannu kamar faranti. Tsohon golanmu ya gama makaranta, kuma da na gwada Dogara na ga na tsinci abin da ban yi zato ba. Yana tashi sama kamar an jefa shi, ba ya tsoron ƙafa. Abin da ban ɗauka da muhimmanci ba da farko shi ne, Bitrus ƙanen mahaifiyarsa ne. Shi ya ɗauko shi daga ƙauyensu a wajen Zonkwa, shi ya nema masa makarantar, a gidansa yake kwana, tuwon matarsa yake ci. Kawu yake ce masa, kuma in zai miƙa masa ruwa sai ya rusuna.

Wasan farko muna riƙe da su babu ci har bayan hutun rabin lokaci, sai aka ba su bugun tazara. Ina tsaye a bakin layi ina kallon Dogara. Ya je turke, ya saita ido, na ga ya ga abin da nake gani, wato Bitrus da ke ƙarshen katanga ya bar turken a buɗe. Na ga bakinsa yana motsi. Bitrus bai motsa ba, shi ne ma yake jan sauran yana jera su yadda ya ga dama. Mai bugu bai ko wahalar da kansa ba, ya murɗa ta ta gefen kafaɗar Bitrus ta shige. Da ci ɗayan nan aka tashi.

A ɗakin canja kaya na ce, "Dogara, ka ga ramin ko ba ka gani ba?"

"Na gani, koci."

"Me ka ce?"

Ya sunkuyar da kai. "Na ce, Kawu, don Allah da za ka ɗan matsa."

"Wa ya ji ka?"

Raina ya ɓaci ƙwarai, har na jefar da hulata. Mutane sun cika fili suna buga ganga, shi kuma yana can yana roƙon kawunsa kamar mai neman a ba shi izinin zuwa kasuwa.

Da na zauna na auna wasan a kaina, sai na ga ba katanga kaɗai ba ce. Duk bayan nawa ya kamu da ciwon. In za a yi tarkon satar gida, kowa sai ya saci kallon Bitrus ya ga ko ya taka gaba, kafin su bi shi ɗan gaba ya wuce. In an bugo kwana, ƙwallon da Dogara ya kamata ya ce tawa ce ya fito ya kama, sai ya tsaya don ya ga kawunsa ya tashi mata, su biyun su rasa ta. Yara huɗu masu kyau da gola mai kyau, amma kowa yana jiran babba ya fara. Tarbiyyar da iyayensu suka ba su ce, kuma a gida ni ma ita nake so a wurin 'ya'yana. A cikin layin toka kuwa, ita ce take cin mu.

Na ɗauki mako guda a kan muryar Dogara kaɗai. Na jera mutum-mutumina na katako, na ce ya yi musu tsawa. Yana yi, har masu gyaran mota suna ɗago kai. Na jera yara, yana yi. Na sa Bitrus a ƙarshen layi, sai murya ta koma ciki kamar an toshe rediyo. Na ce masa, "Ka ji nan. Kalmar nan Kawu ita ce take danne maka maƙogwaro. A cikin fili babu kawu. Sunansa Bitrus. Kira shi."

Ya dube ni kamar na ce ya mari fasto. "Koci, ban taɓa kiran sunansa ba tun da aka haife ni."

Na juya wurin Bitrus na ce, "Kai fa, ka yarda?"

Bitrus ya yi murmushi ya ce, "Baba, ai wasa ne. Ya kira mana, ni ba ni da matsala."

Ya kira, a hankali, idonsa a ƙasa. Bitrus ya matsa. Sauran yara suka fashe da dariya, wani ya ce, "Yau Dogara ba zai ci tuwo ba." Bitrus ma ya yi dariyar, amma na ga jijiyar wuyansa ta tashi.

Kada ku ce ban nemi wata hanya ba. Na ce Bitrus ya fita daga katanga ya riƙa tsare mutum a gefe, ya ce kyaftin da zai sa yara su tari ƙwallo da ƙirji shi yana gefe ba kyaftin ba ne, kuma shi ya fi kowa tsawo, wannan gaskiya ce. Na matsar da shi tsakiyar katanga na sa wani a ƙarshe, sai na ƙarshen ya riƙa bin hannun Bitrus maimakon muryar gola. Na ce to zan ajiye Bitrus a benci a wasa na biyu. Washegari na zo atisaye na tarar da tayoyina kaɗai, yara sun ƙi fitowa. Oga Terna ya kira ni ya ce, "Baba Yohanna, abeg, don Allah kada ka tayar mana da rigima. In babu Bitrus babu tim." Ajiye Dogara kuma ba zai yiwu ba, don mataimakinsa ko kaza aka jefo masa sai ta wuce ta tsakanin ƙafafunsa.

Har gidansu na je wata Lahadi bayan an taso coci. Matar Bitrus, Maman Rifkatu, ta kawo mini kunu, na yi mata bayani da hannu da ƙafa, na jera kofuna a tebur na nuna mata turke da katanga. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Baba, na ji. Amma yaron nan uwarsa ta ba mu amana. In ya saba kiran sunan kawunsa a fili, ran da ya koma gida da wane baki zai gaishe shi?" Na ce da bakin da ya ci kofi. Ba ta yi dariya ba.

Wasa na biyu mun ci shi da ƙyar, don Allah ya sa ba su sami bugun tazara a kusa ba. Lissafi ya nuna cewa a wasa na uku ko kunnen doki muka yi mun fito. A wani fili a Barnawa aka sa shi, ranar Asabar da yamma, an yi ruwa da safe ƙasa ta yi santsi.

Ban taɓa ganin jama'armu sun fito kamar ranar ba. Labarin filin ya zagaya, tsofaffin ɗalibaina sun zo, masu Keke Napep sun jera kekunansu a bakin hanya sun hau kai. Kuma cocin su Bitrus kaf ta zo. Matasan da yake shugabanta sun zo da ganguna, matan zumunta sun zo da anko da tukwanensu na kiɗa, Maman Rifkatu tana gaba da 'ya'yanta, har dattawan coci biyu an kawo musu kujeru. Bayan ragar da muka tsare a zagaye na biyu suka tattaru, kusa ƙwarai, har suna iya taɓa ragar da hannu.

Kafin mu fita na riƙe kan Dogara da hannu biyu na ce, "Filin nan yau a bakinka yake. In ka ga rami, kira suna." Ya ce, "Zan kira, koci."

Mun fara ci, suka rama. Daga nan suka yi mana zobe, yarana kuma suka tsaya tsayin daka. Bitrus ya yi wasan da bai taɓa yi ba, ya cire ƙwallo daga kan layi da goshi, jini yana zuba a girarsa ya ƙi fita. Dogara ya ture wata da na riga na ɗauka ta shiga. Matan zumunta suna ta rera waƙa da sunan Bitrus. Alƙali ya fara duba agogo. Sai ɗan bayanmu na hagu ya zame a taɓo ya kwashe ƙafar ɗan gabansu, 'yan taku kaɗan daga da'irar gida. Bugun tazara.

Katanga ta jeru, Bitrus a ƙarshe. Daga inda nake ina ganin hasken da ke tsakanin kafaɗarsa da turke, mutum guda zai iya wucewa. Dogara ya manna da turke, ya saita ido. 'Yan ganga suka tsaya don fargaba, wurin ya yi tsit. A cikin wannan shirun muryar yaron ta fito, irin wadda na yi mako ina nema:

"Bitrus! Matsa dama! Bitrus, na ce ka matsa!"

Kowa ya ji. Na ji wata mata a bayan raga ta ce, "Yesu!" Ɗaya daga cikin dattawan ya miƙe daga kujera. Bitrus kuwa, maimakon ya yi taku ɗaya zuwa dama, sai ya saki hannun na kusa da shi, ya juya gaba ɗaya ya fuskanci Dogara, ya ɗaga yatsa. Ban san abin da zai faɗa ba, kuma bai samu ya faɗa ba. Na kusa da shi ya juya don ya ga abin da ke faruwa, na ukun ma haka. Alƙali ya busa. Dogara yana tsakanin turke da wurin tsayuwarsa, idonsa a kan yatsan kawunsa. Mai bugu ya tura ta a ƙasa, ba ma da ƙarfi ba, ta bi ta inda ƙafafun Bitrus ya kamata su kasance ta kwanta a raga.

Ana dawo da ƙwallo tsakiya aka tashi.

Ku da kuka iya sharhi, wa za ku ɗora wa laifi? Zan gaya muku wanda jama'a suka ɗora wa. Tun ba mu bar Barnawa ba aka fara cewa yaro marar kunya ya zagi kawunsa a gaban matarsa da dattawan cocinsa, ya rikita shi. Ranar Litinin Oga Terna ya tara mu a ofishinsa, da 'yan wasa, da ɗaya daga cikin dattawan cocin nan da ya biyo sawu, wai a yi sulhu. Bitrus yana zaune da filasta a gira. Dattijon ya yi doguwar magana a kan ladabi, ya ce Dogara ya ba kawunsa haƙuri. Yaron ya taso, hawaye na zuba, ya durƙusa a gaban Bitrus gwiwa biyu.

Na kama shi ta wuyan riga na ɗaga shi tsaye.

Na ce wa dattijon, "Baba, ina ganin girmanka, amma ba a gabana ba. In ya yi wa kawunsa rashin kunya a gida, ku sa shi ya durƙusa har gwiwarsa ta kumbura, ni zan riƙe muku shi. Wannan kuwa aikinsa ya yi. Ni na sa shi, kuma gobe in an sake ba mu bugun nan sai na sake sa shi. A duk filin nan mutum ɗaya ne ya yi abin da aka koya masa daidai, shi ne kuke so ya roƙi gafara."

Oga Terna ya ce, "Baba Yohanna, sassauta."

Na ce, "Ba zan sassauta ba. Bitrus, dube ni. Kai ne ɗan bayan da ya fi kowa a duk waɗanda na horar. Ka zubar da jini saboda filin nan, na gani. Amma an ce ka yi taku ɗaya, ka tsaya neman girma. Ka samu girman, ga shi nan an kawo maka har ofis."

Dattijon ya tashi ya fita yana cewa ba a taɓa yi masa haka ba. Bitrus shi ma ya tashi ya fita. Na ji daga baya cewa kwanaki da yawa ba ya magana da kowa a gida, Dogara kuma ya koma kwana wurin wani abokinsa a Trikania. Ni ma wasu sun daina gaishe ni a hanya. Ban bi kowa na ba shi haƙuri ba, kuma har yau ban ga abin da zan ba da haƙuri a kansa ba.

Shugabar kwaleji ta cika maganarta, ba ta ƙara ba ba ta rage ba. Ta kira ni ta ce ta ji an yi ƙoƙari, amma alkawari alkawari ne. Ban roƙe ta ba. Abu ɗaya na nema, a bar mini ƙarafan ragar, don hedimastan wata firamare a Television ya ce in zo in riƙa horar da yara a filinsu.

Ranar da katafila ta zo, da safe, na je da diga don in tone ƙarafan. Na aika wa yara, amma ban sa rai da kowa ba. Dogara ya zo da wasu 'yan kaɗan. Muna cikin haƙa sai ga Bitrus, da tsohuwar riga, bai gaishe da kowa ba sai ni, ya karɓi digar daga hannuna ya ci gaba. Shi da Dogara ba wanda ya dubi wani.

Ƙarfen raga ba a kwance shi, a haɗe yake, dole a ɗauke shi ɗungurungum a fitar da shi zuwa inda mota take jira. Hanyar fita kuma ƙaramar ƙofa ce a bayan makaranta, gabanta da kwalbati mai zurfi da aka ɗora wa katako. Masu ɗauka ba sa ganin gabansu, musamman wanda ya riƙe gaba yana tafiya da baya, kuma Bitrus ne ya riƙe gaba. Dole sai wani ya tsaya a waje ya riƙa ba da hanya. Na buɗe baki zan yi, sai na ga Dogara ya riga ya tsallaka kwalbatin ya tsaya, ya karkata kai yana saita ido.

Suka taho a hankali. Ƙafar Bitrus ta nufi gefen katakon, inda babu komai sai rami.

"Bitrus! Dama!"

Ya matsa. Taku ɗaya, daidai inda aka ce, ko waiwaye bai yi ba, ƙarfen ya wuce ƙofar bai taɓa ko'ina ba. A bayanmu katafila ta riga ta kafa haƙoranta a tsakiyar fili.